Girmamawar da Ta Dace da Mai Kwance Bom

Ya mai karatu, ta yaya mai bin Sarkin Salama zai girmama sojan da ya mutu a fagen fama, ba tare da ya ɗaukaka yaƙin kansa ba? Rayuwar Olaf Schmid za ta taimake ka ka auna wannan tambaya.

Schmid sojan Birtaniya ne, gwanin kwance bom, wanda tun yana yaro yake cikin mawaƙan babbar majami'ar Truro a Ingila. A shekara ta 2009 aka tura shi lardin Helmand na Afganistan, inda ya kwance bama-bamai fiye da 60 da aka binne a hanya. Ran 31 ga Oktoba, ana gobe zai tafi hutu gida, wani bom ya tashi da shi a Sangin, yana da shekara 30. Bayan rasuwarsa aka ba shi lambar yabo ta George Cross.

Kana iya shakkar adalcin wannan yaƙi, kuma ba laifi. Amma dubi aikin da kansa. Bom ɗin da ke cikin ƙasa ba ya tambayar kowa addininsa ko ƙabilarsa; da soja, da manomi, da yaro mai kiwo, duk ɗaya ne a gare shi. Saboda haka wanda ya tone shi ya ceci har waɗanda ba su san sunansa ba. Sauran mutane sukan ja da baya, shi kuwa yakan matsa gaba shi kaɗai, ya durƙusa, ya sa hannu.

A cikin Bisharar Yohanna sura 15, Ubangijinmu Yesu ya auna iyakar ƙauna da ba da rai saboda waɗansu. Schmid ya miƙa ransa tun kafin ranar mutuwarsa, domin kowace safiya da ya fita ya san abin da ke iya faruwa. Wannan amincin na kullum shi ne abin girmamawa.

Yabon baki kaɗai bai isa ba. A cikin iyali da ikkilisiya akwai abubuwan da aka binne: tsohuwar gaba, da tsegumi, da ƙiyayyar da aka gada. Kowa ya san wurinsu, kowa yana kewayewa, har ranar da marar laifi zai taka. Kai ne za ka matsa kusa, cikin haƙuri da addu'a, ko da za a zarge ka?

Ya Ubangiji, ka ta'azantar da iyalan waɗanda suka mutu suna kāre waɗansu, ka kuma ba mu zuciyar yin sulhu. Amin.