Ku Daina Jefa Ƙwayoyin Auna Iska a Juji

A cikin injin taimaka wa numfashi da injin sa barci na ɗakin tiyata akwai wata 'yar ƙwaya mai jikin roba da ke auna yawan iskar oksijin. Irinta ce a na'urar da ma'aikatan mai da gas ke maƙalawa a ƙirji. Shekara ɗaya zuwa biyu take yi ta mutu, a sa sabuwa. Tsohuwar fa? Yau tana kwandon shara, gobe tana juji, jibi tana buhun ɗan jari-bola. Na'urorin suna ƙaruwa, wannan gangancin yana bin su.

Mai gyara, ka san abin da kake jefarwa kuwa? A cikin yawancin ƙwayoyin nan akwai dalma, tana kwance cikin ruwan fotasiyam haidiroksaid, ɗan'uwan sodar da ake haɗa sabulu da ita. In ya fantsama a ido ya fi asid mugunta, domin narkar da nama yake yi yana ƙara nutsewa ciki. Ƙwayar da ke gano kabon monoksaid, gubar hayaƙin janareta, ita kuma asid ne a cikinta, irin na ruwan batir. Muddin a rufe suke, babu laifi. Amma yaron da ke neman ƙarfen sayarwa da dutse yake buɗe komai, da wannan hannun kuma zai ci abinci.

Dalma ba baƙuwarmu ba ce. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Bagega. Can daga niƙan dutsen zinariya ta fito, amma ƙarfen ɗaya ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinsa a jini da ba ya cutarwa. Yaron da ta bari da rai tana iya dakushe masa ƙwaƙwalwa har abada. Wanda ya san wannan ya jefar da ƙwayar, kada ya ce kuskure ne.

Shugabannin asibitoci da kamfanoni, alhakin a wuyanku yake. A tara matattun ƙwayoyin a mazubi mai murfi, a mayar wa dillalin da ya kawo su ko masu kwashe shara mai guba. Kada a fasa, kada a ƙona. Wadda ta tsage, a ɗauke ta da safar hannu da tabarau. In ruwanta ya taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15, sannan a garzaya asibiti. In yaro ya haɗiya, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja.