Wa Ya Gano Wa? Tsokaci A Kan Mutanen Duwatsun Koma

Duk lokacin da aka karanta mana a aji cewa Bature Mungo Park ne ya gano kogin Kwara a shekarar 1796, mukan yi dariya mu ce: to, masuntan da ya tarar a bakin kogin fa, a cikin me suke jefa komarsu? Dariyar nan tana bisa hanya. Amma shekara 190 cif bayan haka, wato a 1986, sai ga jaridun ƙasarmu sun cika da labarin cewa an gano wata al'umma mai suna Koma a kan duwatsun Alantika, bisa iyakar Nijeriya da Kamaru. Wannan karon mu ne muka yi ganowar, kuma da wuya a sami wanda ya yi dariya.

Yankin yana cikin ƙaramar hukumar Jada ta jihar Adamawa, amma a wancan lokaci jihar Gongola ce, gwamnanta kuwa Kanar Yohanna Madaki. Hotunan da aka riƙa bugawa kusan iri ɗaya ne: mata ɗaure da ganye a ƙugu, wasu da lofe a baki, ga bukkokin ciyawa a tsakanin duwatsu. Abin da hotunan ba su nuna ba shi ne aikin da ke riƙe da rayuwar wurin. Mutane ne manoma, suna shuka dawa da gero a gangaren da ba ya karɓar garmar shanu, sai fartanya da ƙarfin damtse. Suna kiwon awaki da kaji. Abin da dutse ba ya bayarwa, kamar gishiri, sai an sauko kasuwa da kaya a ka, tafiyar sa'o'i a kan turbar da mota ba ta bi. Mutumin da yake saukowa cin kasuwa kuwa ai bai ɓata ba. Hasali ma ƙasar tasu ta ratsa hannun Jamus, ta koma hannun Ingila, sannan ta shigo Nijeriya bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961. Ke nan sun yi shekara 25 suna 'yan ƙasa kafin ƙasar ta ɗaga kai ta dube su.

Tambayar da aka fi tsallakewa ita ce: me ya kai mutum ya bar fili mai laushin noma ya gina gida a inda ko ruwa sai da wahala? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Tsaunukan wannan yanki, daga Alantika har Mandara, sun kasance mafaka ga ƙananan ƙabilu a zamanin da mahaya dawaki daga fili ke kai harin kamun bayi. Doki ba ya hawa dutse, shi ya sa aka hau. Wanda ke shakka ya nemi littafin ajiyar labarai na Hamman Yaji, hakimin Madagali, wanda ya sa aka riƙa rubuta masa al'amuransa tsakanin 1912 da 1927. A ciki ana lissafa bayin da aka kamo daga duwatsun Mandara kamar yadda ake lissafa shanu. Saboda haka nisan da muke kira ci-baya, asalinsa dabarar tsira da rai ce, kuma waɗanda aka guje wa mutanen fili ne. Ba na jin daɗin faɗar haka, amma mai karatu ya san ko su wane ne mutanen fili.

Tun daga 1986 masu magana a kan Koma suka rabu gida biyu. Na farko suka ce a sauko da su, a tufatar da su, a wayar musu da kai. Da yawansu niyyarsu kyakkyawa ce. Sai dai abin lura, ganyen nan shi ya fi damunsu, fiye da rashin asibiti. Matar da ta ɗaura ganye ta rufe abin da al'adarta ta ce a rufe, ba ta jin ta yi tsirara. Sai da baƙo ya zo da na'urar ɗaukar hoto ta fara ganin kanta da idonsa. Wanda ya ba ta zane ya ba ta sutura, amma ya haɗa mata da wata kunya wadda a da babu ita, kuma ita kunyar tana nan ko bayan zanen ya tsufa.

Gida na biyu, wanda mu 'yan jami'a muka fi cika, suka ce a ƙyale su, al'adarsu abar taskacewa ce. Wannan magana tana da daɗi a bakin wanda ke zaune kusa da kantin magani. A faɗa wa mijin da naƙuda ta gardame wa matarsa da tsakar dare, aka ɗora ta bisa gadon kara, maza huɗu suna lallaɓawa da ita a gangare mai santsi. A faɗa wa wanda maciji ya sari ɗansa a gona. Akwai kuma maƙoƙo, cutar da aka sani da addabar mazauna tuddai a ƙasashe da dama, domin ruwan sama yana wanke sinadarin aidin daga ƙasarsu, alhali maganinta ɗan gishiri ne mai aidin. Jaridun wancan lokaci sun kuma ruwaito cewa ana ɗaukar haihuwar tagwaye a matsayin mugun abu har a hallaka su, irin al'adar da Mary Slessor ta yaƙa a ƙasar Kalaba. Duk inda aka yi haka, jaririn ba shi ya zaɓi al'adar ba. Wanda ya ce a ƙyale domin mutunta al'ada, ya mai da 'yan Adam kayan gidan tarihi.

A ganina matsalar tana cikin sunan da muke ba abin da muke kai musu. Mun kira shi taimako, wato sadaka, ita kuwa sadaka mai bayarwa ke zaɓen abin da zai bayar, wani lokaci har ya biyo ta da gori. In kuwa muka yarda cewa tsoron mutanen fili ya hau da su, kuma hukuma ta yi biris da su shekara da shekaru, to hanya da asibiti da makaranta bashi ne. Mai bin bashi shi yake da bakin magana. Shi zai ce a fara da rijiya kafin aji, ko ya ce hanyar ta tsaya a gindin dutse. Kada wannan ya ba mu mamaki: hanyar da za ta kawo ungozoma ita ce za ta kwashe samari zuwa Yola, ita ce kuma za ta kawo mai neman gona da takarda a hannu.

Mu ma da ke wannan sashe muna da namu kason. A nan kudu ana kiranmu "aboki" da wata irin murya da duk muka sani, muna kuma jin zafinta. Duk da haka na taɓa jin wani ɗalibina ya ce wa ɗan'uwansa "ɗan Koma" don kawai ya kasa kunna kwamfuta, aji ya fashe da dariya, ni ma sai da na murmusa kafin na tuna. Bugu da ƙari, yaron da ya sauko daga dutse ya shiga makaranta, Hausa ko Fulatanci zai koya a filin wasa, Turanci a aji, in ya koma gida hutu ya riƙa amsa wa kakarsa da harshen da ba ta ji sosai. Mukan yi murna a tarurrukanmu idan aka ce masu jin Hausa suna ƙaruwa kowace shekara. Wani kaso na ƙaruwar nan daga irin wannan yaro yake fitowa.