Taurin Ƙarfe da Tambayar "Wanne Ya Fi?"

A masana'antun wuƙa akwai wata na'ura da ake kira ma'aunin Rockwell, aikinta guda ɗaya tak. A ɗora ruwan wuƙa a kanta, wani ɗan tsinin daimon ya sauko ya danne shi da nauyin kilo 150, sannan a auna zurfin ramin da ya bari. Idan ramin bai nitse sosai ba, ƙarfen yana da tauri, makinsa ya hau. Tazarar maki ɗaya, a ce tsakanin 60 da 61, kashi 2 ne kacal cikin 1,000 na milimita. Ido ba ya ganinta, farce ba ya jin ta. Amma a kanta masu sha'awar wuƙar aljihu mai ninkewa, a Amurka da Turai da Japan, suke raba dare suna musu, a kanta kuma suke zuba ɗaruruwan daloli.

Jar wuƙar nan ta Victorinox da ake ƙerawa a Ibach ta ƙasar Suwizalan tana wajen maki 56. Ƙarfen M390 na kamfanin Böhler na Ostiriya yawanci ana kai shi 60 zuwa 62. Kamfanin Rockstead da ke Sakai a Japan yana kai ZDP-189 har wajen 67, ya goge ruwan har mutum ya ga fuskarsa a ciki, ya sayar da guda sama da dala 1,000. Maxamet, wanda Spyderco ta jihar Kolorado ke sa wa wasu wuƙaƙenta, shi ma a can sama yake. Wanda ya ga jerin nan zai ɗauka magana ta ƙare: na ƙasa na talaka ne, na sama na wanda ya isa.

To ga yadda taurin yake samuwa. Ana gasa ƙarfe har ya yi jajir, a sanyaya shi da gaggawa, a mai ko a iska, sai sinadarin kabon da ke cikinsa ya maƙale ya rasa mafita, ƙarfen ya sandare. A nan ya kai ƙarshen taurinsa, a nan ne kuma ya fi gautsi. Idan ya faɗi a kan siminti yana iya karyewa. Babu maƙerin kirki da zai miƙa maka shi a haka. Sai ya sake mayar da shi wuta mai sauƙin zafi na wasu awoyi, ya rage masa tauri da gangan don ya samo masa juriya. Chris Reeve, mutumin Durban da ya koma Idaho ya yi suna da wuƙar Sebenza, yana cikin waɗanda suka taimaka wa kamfanin Crucible ya fitar da ƙarfen S30V a 2001, amma shekara da shekaru yana tsayar da nasa a maki 58 zuwa 59. An yi ta caccakarsa cewa ƙarfen zai ɗauki fiye da haka. Hujjarsa ita ce yana son mai wuƙa ya iya wasa abarsa da kansa.

Hannuna ya shaida wannan hujja. Ina da wata 'yar Opinel ta Faransa mai mariƙin itace, irin ta wajen dala 20, da wata ta S30V da wani aboki ya kawo mini tsaraba. Opinel ɗin, ka yanka lemun tsami ka manta ba ka goge ba, kafin la'asar ta yi baƙi-baƙi, kuma 'yan kwalaye kaɗan sun isa su dakusar da ita. Amma ka ɗiga ruwa a dutse ka ja ta kowane gefe, nan take za ka ji dutsen yana ci, baƙin ruwa yana taruwa, ka shafa babban yatsa ka ji ɗan siririn ƙarfen da ya lanƙwasa a bakinta, ka share shi a bayan tsohon bel, ta aske gashin hannu. Ɗayar kuwa takan daɗe ba ta nemi dutse ba. Ranar da ta nema, sai ta yi ta zamewa a kansa, gumi da yawa ci kaɗan, don ƙwayoyin banadiyam da ke cikinta sun fi dutsen tauri. Kafin a yi abin kirki sai an nemo faranti mai garin daimon. Wani ɗan 'yar'uwata ya tarar da ni da su biyun a kan tabarma, ya ce, "Kawu, tsakani da Allah wacce ta fi?" Na ce, "Me za ka yanka, da me kuma za ka wasa?" Ya ce shi dai wadda ta fi yake tambaya. Ya tafi yana ganin rowar amsa na yi masa.

Tambayarsa tsohuwa ce. An yi wa Manzon Allah (SAW) ita ba sau ɗaya ba: wane aiki ne ya fi? Abdullahi ɗan Mas'ud ya tambaya, aka fara masa da salla a kan lokacinta, sannan kyautata wa iyaye, sannan jihadi. A ruwayar Abu Huraira an fara da imani, sannan jihadi, sannan hajji karɓaɓɓe. Wani ya tambayi wane Musulunci ne ya fi, aka nuna masa ciyarwa da yin sallama ga wanda ya sani da wanda bai sani ba. Wani ya nemi wasiyya aka hana shi fushi, ya sake nema aka maimaita masa. Duka suna cikin Bukhari. Malamai irin su Ibn Hajar sun ce amsoshin sun bambanta ne saboda halin masu tambaya da lokacinsu sun bambanta.

Wasu suna jin wannan bayani kamar dabarar sasanta ruwayoyi ce kawai. Ni ina ganin shi ne ainihin karatun. "Wanne ya fi" guntuwar tambaya ce, sai an cika ta da "ga wa" da "don me". Dalilin kuwa yana cikin yadda aka yi halitta: ba a tara wa abu ɗaya kyawawan siffofi duka. A ƙarfe, riƙe kaifi da juriya da ƙin tsatsa da sauƙin wasawa, ka jawo ɗaya sai wani ya suɓuce. Imamu Malik ya faɗi irin haka a kan mutane. Wani mai yawan ibada, Abdullahi al-Umari, ya rubuta masa yana kiransa ya bar taron jama'a ya kaɗaita da bauta. Malik ya mayar masa da cewa Allah Ya raba ayyuka yadda Ya raba arziki: wani an buɗe masa ƙofar salla ba a buɗe masa ta azumi ba, wani ta sadaka, wani ta jihadi, shi ta yaɗa ilimi aka buɗe masa, ya yarda da rabonsa, yana kuma fatan su biyun duk suna kan alheri. Abu Zarri, wanda aka yi wa shaidar gaskiyar harshe, shi ne ya nemi muƙami Annabi ya dafa kafaɗarsa ya gaya masa yana da rauni, abin kuma amana ne. Darajarsa tana nan, aikin ne ba nasa ba.

Sai dai raggo yana son wannan magana, dole in toshe masa ƙofa. Rabon da Malik ke nufi a saman farilla yake. Bai ce an ɗauke wa wani salloli biyar ba. Sannan ba duk abin da muke kira iyaka ne iyaka ba, ƙarfe ma ya tona wannan asiri. An daɗe ana ɗauka doka ce cewa ƙarfen da ba ya tsatsa dole ya gaza a juriya, saboda kuromiyam ɗin da ake zuba masa, kashi 14 a S30V, kashi 20 a M390, yana haɗuwa da kabon ya yi manyan ƙwayoyi masu gautsi, tsagewa ta faro daga nan. Sai wani masanin ƙarfe Ba'amurke, Larrin Thomas, ɗan maƙerin wuƙa, ya zauna ya yi lissafi. Ya sauke kuromiyam zuwa kashi 10.7, ya daidaita kabon yadda kuromiyam ɗin zai narke cikin ƙarfen lokacin gashi ya tsare shi daga tsatsa, ya bar wa ƙananan ƙwayoyin banadiyam da niyobiyam aikin riƙe kaifi. Aka fitar da shi a 2021 da sunan MagnaCut. Ashe wani ɓangare na dokar rashin sani ne. Don haka mai zafin ran da ke cewa "haka Allah Ya yi ni" ya tuna da mutumin da aka yi ta maimaita wa hanin fushi. Da ba a iya gyara hali, da ba a yi masa wasiyyar ba. Amma ko MagnaCut matsar da iyakar ya yi, bai share ta ba. Maxamet har yau ya fi shi daɗewa da kaifi, akwai kuma ƙarafan da suka fi shi jure duka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilin da ya sa tauri, cikin siffofin nan duka, ya zama abin talla. Sauƙin awo ne kawai. Gwajin Rockwell daƙiƙu kaɗan ne, ya bar ɗan ɗigo a gindin ruwan inda mariƙi zai rufe, a sayar da wuƙar lafiya lau. Juriya kuwa ba ta aunuwa sai da asara. Gwajin da Bafaranshe Georges Charpy ya tsara a 1901, wanda har yau ake aiki da shi, ga yadda yake: a yanko ɗan sandan ƙarfe, a sako wata guduma mai lilo ta doke shi, a ga yawan ƙarfin da ya shanye kafin ya rabu biyu. Wanda aka gwada ya tafi ke nan, ba mai sayensa. Shi ya sa makin tauri ya cika takardun talla, juriya kuma sai ranar da bakin wuƙa ya gamu da ƙashi, ko da ƙusar da ta ɓuya cikin katako.

Khalidu ɗan Walidu ya ba da labarin ranar Mu'uta, a shekara ta 8 bayan Hijira, ranar da aka kashe Zaidu da Ja'afar da Abdullahi ɗan Rawaha shi kuma ya karɓi tuta. Takubba 9 suka karye a hannunsa, wani faffaɗan takobin Yaman ne kaɗai ya saura. Bai ambaci wanda ya fi kaifi ba, wanda ya saura ya ambata.

Addini ma yana da abin da ake ƙirgawa daga nesa: tsawon tsayuwa, yawan azumi, tabon salla a goshi. Ba na raina ko ɗaya. Amma Annabi ya siffanta wa sahabbansa wasu mutane masu zuwa, waɗanda sahabi zai raina sallarsa da azuminsa idan ya gwada da nasu, alhali karatunsu ba ya wuce maƙogwaro. Suka kuwa zo. Su aka yaƙa a Nahrawan a shekara ta 38, ɗaya daga cikinsu kuma, Ibn Muljam, shi ya sari Sayyidina Aliyu a masallacin Kufa a shekara ta 40. Da ana ba ibada maki, da ba mai kamo su. Saɓani guda ɗaya ya karya su, yardar da Sayyidina Aliyu ya yi da alƙalanci bayan yaƙin Siffin. Ba su da inda za su lanƙwasa, sai suka kafirta kowa. Haƙuri, da riƙon amana, da iya zama da wanda ya saɓa maka, ba sa barin tabo a goshi. Hadisi ma ya ajiye haƙuri ne a bugun farko na musiba, daidai lokacin da guduma ta sauka.

Mu kuma ba a ba mu izinin karya mutum don mu san shi ba. Ba ka jefa ɗan'uwanka cikin fitina da sunan gwaji, an ma hana bin diddigin asirin mutane. Abin da ya rage sai jira da cuɗanya, hanya mai nisa wadda ba ta ba da maki. Saboda nisanta ne mai ba da 'yarsa aure, ko mai neman wanda zai damƙa wa shago, yakan tsaya ga wanda yake gani a sahun gaba, don wannan awon ne mai arha.

An ruwaito cewa wani ya zo ba da shaida gaban Sayyidina Umar, Umar ya ce bai san shi ba, ya kawo wanda ya san shi. Wani ya miƙe ya ce shi ya san shi da adalci. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa, wanda ya san darensa da ranarsa, ya ce a'a. Ko sun taɓa hulɗar dinari da dirhami, ya ce a'a. Ko sun taɓa yin tafiya tare, ya ce a'a. A wata ruwayar Umar ya ƙara da tambayar ko a masallaci ya gan shi yana ɗaga kai yana sunkuyarwa, mutumin ya ce haka ne. Umar ya ce masa to bai san shi ba, ya juya ga mai shaidar ya ce ya je ya zo da wanda ya san shi.