Gidanka ne, ko na waɗanda ba a haifa ba?

A Ingila akwai wani ƙaramin ƙauye mai suna Bibury. A cikinsa akwai jerin gidajen dutse da ake kira Arlington Row. An gina su wajen shekarar 1380 don ajiyar gashin tumaki, a ƙarni na 17 aka mayar da su mazaunin masaƙa. Gidajen talakawa ne, amma yau suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, a mataki na ɗaya.

Tun 1947 doka ta wajabta wa gwamnatin ƙasar rubuta irin waɗannan gine-gine: coci, rumbu, gada, gidan manomi. Da zarar gidanka ya shiga rajista, ba ka da ikon rushe shi, ko sauya masa taga ko rufi yadda zai ɓata kamanninsa, sai da izinin hukuma. In ka yi gaban kanka, kotu ce za ta raba ku.

To ƴan uwa, adalci ne wannan? Mutum ya saya da guminsa, sanyi na shigo masa ta tsohuwar taga, a ce masa kar ka taɓa?

A ganina dokar na da gaskiya. Gidan da ya shekara 600 ya binne masu shi da yawa. Kowannensu ya ce "nawa ne", ya tafi ya bar shi. Ashe riƙo ne aka ba ka, kamar gonar gandu. Abin da ka rushe da hantsi ɗaya, jikan maƙwabcinka ba zai ƙara ganinsa ba, kuma ba wanda ya shawarce shi.

Amma fa akwai sharaɗi. Gyaran tsohon gini da kayan asali yana da tsada. In jama'a ce ke morar kallo, bai kamata mai gida ya ɗauki kayan shi kaɗai ba. In aka bar shi, sai ya sayar wa mai kuɗi, ƙauye ya koma wurin ɗaukar hoto, jikokin masaƙa su yi ƙaura.

Tambayar nan ta iso mu tun da UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013. Kafin mu hana dattijo shafa siminti a katangarsa ta laka, mu fara tambayar kanmu: in damina ta wuce, wa zai taya shi yaɓe?