Shin Sumayya Ta Ci Amanar Mai Karatu?

Kwanan baya wata ɗalibarmu ta maido mana da littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, fuskarta a murtuke. Ƙorafinta shi ne, Sumayya 'yar masu hali ce, tana ci tana sha lafiya, amma don an hana ta auren Muhammad talaka aka nufe ta da Abdulƙadir mai kuɗi, sai ta jefa kanta rijiya. Ta ce, "Malam, mu da muke kwana a daji don mu tsira da rai, yaya za a ce in so wadda ta zubar da nata saboda saurayi?"

Ba mu ga laifin yarinyar nan ba. Duk wanda ya tashi a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa a 'yan shekarun nan ya san darajar rai. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sai bayan kwana shida aka sako su. Wanda ya ga haka, dole hawayen Sumayya su yi masa arha.

To amma tambayar da ta dame mu ita ce: wane haƙƙi mai karatu yake da shi a kan tauraron labari? Dole ne ya zama mutumin kirki abin koyi?

Wannan gardama ba sabuwa ba ce. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira irin waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, shi kuwa Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, yana cikin waɗanda suka tsaya wa marubutan a shafukan jaridu. Iyaye da malamai da yawa sun ce littattafan suna koya wa 'yan mata bijirewa.

A namu ganin, tauraron labari ba limami ba ne. Alal misali, Alhaji Imam na cikin Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka buga a 1934, mayaudari ne na gaske, shi da Malam Zurƙe kullum cikin cutar juna suke. Shekara da shekaru muna koyar da littafin, ba mu taɓa jin ɗalibin da ya ce an ci amanarsa ba. Abin da mai karatu yake bin marubuci bashi shi ne gaskiya, wato ya nuna mutum da rauninsa, ya kuma nuna abin da raunin ke jawowa.

In aka auna Sumayya da wannan mudu, akwai inda ta cika, akwai inda ta gaza. Auren dole ciwo ne na gaske, kuma a garuruwanmu akwai 'yan matan da suka sha shi ba su sami bakin faɗa ba. Ciwon wani ba ya zama ƙarya don namu ya fi shi zafi. Inda muke tare da ɗalibarmu shi ne, bai kamata rijiya ta zama hanyar biyan buƙata ba. Addininmu ya haramta kisan kai, kuma a zahiri wadda ta faɗa rijiya gawarta ake cirowa.

Saboda haka ba mu ce wa yarinyar ta yi haƙuri da Sumayya ba. Mun ba ta littafin rubutu mai shafi 80, muka ce ta rubuto mana 'yar Sabuwa wadda aka matsa wa auren da ba ta so, ta nuna mana yadda za ta fita da ranta da mutuncinta. Ta ce sai an dawo hutu. Allah ya ba ta iko.