Sifili Biyu a Gaban Lamba

A wani babban asibiti na jiha an daɗe ana fama da yawon takarda. Majinyaci zai ba da jini da safe, ɗan'uwansa ya yini a bakin tagar ɗakin gwaji yana jiran sakamako, in ya karɓa ya ruga wurin likita, sau da yawa ya tarar likitan ya tashi. Da kuɗi suka samu sai aka haɗa kwamfutar ɗakin gwaji da manhajar da likitoci ke duba bayanan majinyata, don sakamako ya riƙa isa gaban likita da kansa. Kamfanin da ya yi aikin ya gama ya tafi, aka bar wa wani matashi da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba kula da haɗin. Kowa Injiniya yake ce masa, kuma yaron yana da ƙwazo, ba ya ƙyuyar aiki.

Manhajojin biyu ba sa jin maganar juna, shi ya sa aka sa ta uku a tsakani, wato Mirth Connect, wadda asibitoci da dama a duniya ke amfani da ita. Aikinta kamar na tafinta ne a gaban alƙali: ta karɓi magana daga wannan, ta juya ta yadda wancan zai gane, ta miƙa. Saƙonnin suna bin ƙa'idar HL7, wadda aka kafa ƙungiyarta a Amurka a 1987. Wanda ya buɗe saƙo ɗaya zai ga layuka a jere, kowane layi an raba shi gurbi-gurbi da 'yan sanduna a tsaye. Layin MSH yana faɗin wanda ya aiko da wanda aka aika wa. Layin PID na majinyaci ne: lambarsa a gurbi na 3, sunansa a na 5, ranar haihuwarsa a na 7. Layin OBX shi ke ɗauke da sakamakon gwajin. In saƙo ya isa lafiya, mai karɓa ya amsa da AA. In da matsala ya ce AE, ko ya ƙi shi ɗungurungum da AR.

Watanni aka yi ba wata ƙura. Sai kuma aka fara ƙorafi cewa wasu sakamakon ba sa zuwa. Injiniya ya duba allon Mirth, ya ga layin da ke ƙirga saƙonnin da suka gaza yana hawa kullum. Ya buɗe ɗaya daga cikinsu, ya karanta dalilin da manhajar likitoci ta bayar: babu majinyaci mai wannan lamba. Bai buɗe na biyu ba. Ya yanke cewa ma'aikatan ɗakin gwaji ne ke shigar da lamba ba daidai ba, ya je ya faɗa musu, suka ce su lambar da ke kan kati suke bugawa. Aka rabu kowa ransa a ɓace.

Rannan da yamma wani dattijo ya leƙo ofishinsa. Shi ne mai kula da ɗakin kati, ya fi shekara ashirin yana jera fayil a asibitin, kowa Baba yake ce masa.

"Injiniya, sannu da aiki. Waɗannan da sakamakonsu ke ɓata, wurina suke dawowa neman kwafi. Na lura duk matan awo ne."

"Na gode, Baba," in ji Injiniya, idonsa na kan allo. "Amma wannan ba matsalar kati ba ce, ta kwamfuta ce. Zan gyara."

Baba ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, ya ce Allah ya taimaka, ya koma.

Washegari shugaban asibiti ya kira Injiniya, ya ce shi ba ya son dogon bayani, yana son a daina ƙorafi kafin ƙarshen mako. A daren nan Injiniya ya ƙara 'yan layuka a cikin umarnin da ke juya saƙo: in aka nemi lamba ba a samu ba, a nemi majinyacin da sunansa da ranar haihuwarsa, wanda ya fara fitowa a zuba sakamakon a fayil ɗinsa. Da safe layin gazawa ya tsaya cik. Ƙorafi ya ragu, shugaba ya yaba masa a gaban mutane.

Dabarar a ido ba ta yi kama da ganganci ba, shi ya sa ma take da haɗari. A ƙasar da ake yi wa kowane jariri rajista ranar da aka haife shi, suna da ranar haihuwa suna taimakawa wajen gane mutum, kodayake can ma ba a dogara da su kaɗai. A wurinmu kuwa mata da yawa ba su da takardar haihuwa. Akawu zai tambayi mace shekarunta, ta ce kamar talatin, manhaja kuma ta ƙi wucewa sai an cike rana da wata, sai ya buga 1 ga Janairu ya lissafa shekarar. Ga sunayenmu kuma ana tarayya a kansu: a asibiti guda ana iya samun Fatima Muhammad fiye da yatsun hannu, rabinsu kwamfuta ta ce ranar sabuwar shekara aka haife su. Duk mai aiki a ɗakin kati ya san wannan. Injiniya kuwa bai taɓa zama a ɗakin kati ba.

Mako uku da yin haka, wata Sista a ɗakin mata tana bin likita zagaye, suka zo gadon wata mata da aka kwantar saboda karaya a ƙafa. Likita ya duba kwamfuta ya ga sakamakon jiya: sukarin jininta 19 a ma'aunin milimol, alhali wanda bai ci komai ba in ya kai 7 ma an fara maganar ciwon suga. Ya ɗauki biro zai rubuta insulin.

"Dakta, dakata," in ji Sista. "Wannan baiwar Allah ba a ɗebi jininta jiya ba. Ni na kwana a nan, ni kuma na yini jiya."

Likita ya ce ga shi a kwamfuta. Sista ta ce ita dai ba a huda matar nan ba. Ta ɗauko 'yar na'urar gwajin suga, ta huda yatsan matar a gabansa, sakamako ya fito lafiya lau. Ba ta tsaya nan ba, ta nufi ofishin Injiniya da lambar fayil ɗin a rubuce a tafin hannunta.

Wannan karon ya yi abin da ya kamata ya fara da shi. Mirth tana ajiye kowane saƙo a kamanninsa daban-daban: yadda ya shigo, yadda aka juya shi, da yadda aka aika. Ya nemo saƙon, ya buɗe na shigowa da na fita gefe da gefe, ya bi su gurbi-gurbi da yatsa. A gurbi na 3 na layin PID, wanda ya shigo yana cewa 004517. Wanda ya fita yana cewa 4517. Ya buɗe umarnin da kamfanin ya bari, wanda aka rubuta da JavaScript, ya ga layin da ya jawo komai. Wanda ya rubuta shi yana son share guraben banza da kwamfutar ɗakin gwaji ke sawa a gefen lamba, sai ya yi amfani da parseInt, ya mai da lambar kati adadi na lissafi. A lissafi sifilin gaba ba shi da amfani, don haka ya zube. Ma'aikatan ɗakin gwaji daidai suke bugawa tun farko.

Gumi ya keto masa. Ya tashi da kansa ya tafi ɗakin kati.

"Baba, don Allah waɗanne katuna ne ke farawa da sifili?"

"Na ɓangaren haihuwa kaɗai, ɗana. Da aka buɗe musu nasu teburin aka ba su jerin lamba daban, sifili biyu a gaba. Bayan mutanen kamfani sun tafi ne aka sa musu kwamfuta."

"Abin da ka zo faɗa mini ke nan rannan."

"Shi ne. Yanzu dai ina mai wannan sukarin? Mai ciki ce fa."

Baba ya zaro katin 004517 daga kanta. Sunanta ɗaya da mai karaya, ranar haihuwa ɗaya. Ta zo awo jiya, aka duba fayil ɗinta ba a ga komai ba, aka ce ta dawo wata mai zuwa.

Injiniya ya fara dakatar da haɗin, ya cire layukan da ya ƙara. Daga nan ya tafi wurin shugaba, ya ce, "Ranka ya daɗe, gyaran da na yi ba gyara ba ne. Mako uku sakamakon wasu mata yana iya shiga fayil ɗin wasu, kuma ni na jawo." Shugaba ya yi faɗa sosai, ya kuma sa aka sanar da duk likitoci kada su yi aiki da sakamakon makonnin nan sai an tantance.

Lambar wayar da ke kan katin a kashe take. Baba ya duba adireshi, ya ce ya san mai unguwar wurin, ya hau babur ɗinsa bayan la'asar. Da safe matar ta zo da mijinta, aka sake gwaji, aka kwantar da ita.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba: a bar lambar kati a matsayin rubutu, a share guraben gefe kawai. Ya gwada a kwamfutar gwaji da lambobi masu sifili da marasa sifili kafin ya sa a ta aiki. Abin da ya ci kwanaki shi ne kwashe ɓarnar. Ya fitar da jerin duk saƙon da aka haɗa ta hanyar suna, su uku suka zauna da shi da Baba da wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji, ga littafin rajistarta a buɗe, suna bi ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sun faɗa inda ya dace. Waɗanda suka kauce aka cire su daga fayil ɗin da ba nasu ba, aka sake tura su, aka rubuta wa likitan kowace majinyaciya abin da ya faru. Aka kuma yi doka cewa saƙon da aka rasa mai shi ya tsaya a jerin gazawa, a buga jerin kowace safiya, mutum ya duba da idonsa.

Wata Litinin saƙo uku suka maƙale, da wani dalili da Injiniya bai taɓa gani ba, wai umarnin ajiye bayani ya karye a tsakiya. Ya buga su a takarda ya kai ɗakin kati. Baba ya sa tabarau ya duba lambobin, ya ce lafiyarsu ƙalau. Sai ya koma kan sunayen.

"Asma'u, Sa'adatu, Rabi'u. Ka ga ɗan ɗigon nan na sama? Duk ukun suna da shi."

Injiniya ya jawo benci ya zauna, ya buɗe kwamfutarsa a kan cinya, ya ce Baba ya lissafo masa duk sunan da ake rubutawa da irin wannan alamar.