Alhakin Jini: Na Hannu Ne Ko Na Harshe?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tambayar wannan mako ita ce: idan aka kashe mutum saboda ƙiyayya, shin wanda ya ɗaga hannu ne kaɗai mai laifi, ko kuwa har da mutanen garin da suka yi ta hura wutar da bakinsu?

A shekarar 1998, a garin Laramie na Amurka, wasu samari biyu suka yi wa wani ɗalibi, Matthew Shepard, wanda aka sani ɗan luwaɗi ne, mugun duka, suka ɗaure shi a shinge, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Sai wasu 'yan wasan kwaikwayo suka je garin, suka yi hira fiye da 200 da mazauna, suka shirya wasa a 2000 da ainihin kalmomin mutanen, watau suka sa gari ya ji muryar kansa, kamar yadda 'yan tashe kan kwaikwayi halin unguwa cikin watan azumi.

Kada mutumin Birnin Kebbi ko Argungu ya ce abin ya yi nisa. A watan Janairu na 2014, taron jama'a ya yi ta jifan wata kotun Shari'a a Bauchi, yana neman a kashe waɗanda ake tuhuma da luwaɗi tun ba a tabbatar musu da laifi ba.

To, haramcin aiki daban, halalcin jinin wanda ake zargi daban. Suratul Hujurat ta hana zato da bin diddigin asirin mutane. Suratun Nur ta yanka bulala 80 ga mai ƙazafi ba tare da shaidu 4 ba. Suratul Ma'ida ta daidaita kisan rai ɗaya ba bisa hakki ba da kisan mutane duka. Malam Abdullahi na Gwandu ma, da ya rubuta Liya'ul Hukkami, ga mahukunta da alƙalai ya jingina hukunci, ba ga 'yan kasuwa masu duwatsu ba.

Saboda haka mai yaɗa jita-jita a majalisa, da mai tunzura yara, da dattijon da ya gani ya kau da kai, kowa yana da kasonsa, ko da yake na makashi ya fi nauyi. Dutse a hannun yaro yake, amma manya ne suka nuna masa wurin jifa.

Allah ya kiyaye harsuna da hannaye daga alhakin bayinsa, amin.